Kowa Na Ɗaya Ne a Ɗakinsa

Ƙarfe biyun dare a Runjin Sambo,
janareta na tari a bayan shago,
zafin Sakkwato bai san rana ta faɗi ba.
Ni da baƙin allo, da shayin da ya huce,
da Marwanu, yaron da nake koya wa aiki,
yana gyangyaɗi, haɓa a tafin hannu.

Na'ura ɗaya ce, amma gida ce mai ɗakuna.
Na killace ayyuka, kowanne da nasa:
ɗakin lissafin dillalan albasa,
ɗakin rasit na majema,
da wani ɗan tsukuku mai aika saƙo ga direbobin Illela.
Ba ƙofa a tsakaninsu, ba taga,
ko kiyashi ba shi da hanya.

Na ce, Marwanu, tashi ka shiga na farko,
ka tambaya su wa ke ciki.
Ya danna haruffa biyu.
Jeri ya sauko, layi huɗu kacal,
na samansu ya bugi ƙirji: ni ne lamba ɗaya.
Ya shiga na biyu. Lamba ɗaya.
Ɗan tsukukun ma haka, ko kunya babu.
Ya murza ido: "Malam, wanga mi na?
Sarki ukku, gari guda?"

Na ce, fito ka tsaya inda nake tsaye.
Daga waje, da mabuɗin mai gida,
muka sake wannan tambayar.
Jeri ya zubo kamar an kwance bakin buhun gero.
Ga na ɗayan dillalan albasa,
a nan dubu huɗu da sha bakwai ne.
Na majema yana can ƙasa,
sai da muka gangara sau uku muka same shi,
a takure tsakanin baƙin da bai taɓa ji ba.

Ba wanda ya yi maka ƙarya, na ce.
Iyakar ganinsa ya faɗa.

Sai na tuna babana a fadamar Kwalkwalawa,
wando a naɗe, yana tsaye bisa kunya.
Da ƙafa yake buɗe wa fangali ruwa,
da ƙafa yake toshewa.
Albasar da ke ciki ta ɗauka Rima don ita ke gudu.
Shi ne kaɗai ya san bakuna nawa ke jira,
da wanda ya sha fiye da rabonsa.

Mu ma mun kama wanda ya sha.
Ɗakin majema ya kumbura tun magariba,
wani aiki ya haihu, 'ya'yan suka haihu,
ba mai mutuwa, ba mai binnewa.
Ya kai bakin mudun da na auna masa, ya tsaya yana haki.
Maƙwabtansa ko a jikinsu.
Na kashe shi daga waje. Ya tashi sabo,
ya sake cewa shi ne na ɗaya.

Marwanu ya yi dariya, ya yi shiru,
ya daɗe yana kallon allon.
"To mu fa, Malam? Wa ka ganin namu jeri?"

Na kurɓi shayin, duk da sanyinsa.
Gidan nan da nake yi wa gadara, haya ne.
Yana wata ƙasa da ban taɓa takawa ba,
a cikin wata na'ura da ta fi shi girma,
kuma wani mai gadin dare a can,
wataƙila shi ma da shayinsa,
yana ganina lamba a tsakiyar jeri.
Lamba nawa? Ba a faɗa mini ba,
ba kuma haruffan da zan danna in sani.

Janareta ya shanye mansa, fanka ta tsaya.
Can wajen Gawon Nama ladan ya gyara murya.
Marwanu ya laluba buta a duhu.
Ɗakunan suna can suna aiki,
ba ma ganinsu.